Wasan Ƙarshe na Lamba Sha Huɗu

Ina cikin auna wa wata Hajiya shadda a rumfarmu ta Kantin Kwari sai ga kiran abokina mai shagon gem, inda ake buga wasannin na'ura a talabijin. Ba ya kirana lokacin kasuwa, ya san halina, shi ya sa ina ganin lambarsa gabana ya faɗi. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. Ya ce ranar Litinin mai zuwa masu gyara za su shiga shagon, za a kwashe tsofaffin talabijin da bencina, a jera sababbin na'urori. Ya ƙara da cewa tsohuwar na'urarmu kwana biyun nan sai an yi da gaske take karanta faifai.

"Mutumina, in za ka buga wasan nan, ka zo Lahadi ka buga," ya ce. "In ba haka ba, ita za ta yanke mana hukunci da kanta."

Na ce masa ina da kwastoma, na kashe waya. Sai da Hajiyar ta taɓa hannuna sannan na lura na wuce yadin da ta ce, ina ta warware bandir kamar mai shirin ɗinka rumfa.

Wasan da yake magana a kai ya daɗe yana jirana, kuma ba nawa ba ne, na ƙanina ne.

A Fagge aka haife mu, ni da shi, shi ne yake bi mini. Tun muna sakandare muka gano shagon gem ɗin nan a Sabon Gari, ɗan lungu ne a gefen shagon kayan lantarki na wani dattijo Ibo. Ɗansa, wanda sa'ana ne, shi aka bar wa lungun da talabijin ɗaya da na'ura ɗaya. A Sabon Gari aka yanke masa cibiya, Hausar bakinsa ta fi ta wasu 'yan cikin ganuwa, zagin wasa kuwa har mu yake koya wa. Dokar shagon ɗaya ce a lokacin: wanda aka ci ya miƙa fad, wato abin da ake riƙewa a hannu ana dannawa, ya koma ƙarshen benci ya jira.

Gem ɗin ƙwallo muke bugawa, irin wanda duk shekara ake fito da sabo. A cikinsa akwai wani ɓangare da za ka kafa kulob naka, ka taso da shi daga ƙasa, kaka bayan kaka, 'yan wasanka suna girma suna tsufa. Akwai kuma inda za ka ƙera mutum da hannunka, ka zaɓa masa tsawo da fuska da ƙafar da yake bugu da ita. Ranar da muka gane haka, muka sallami Turawan kulob ɗin gaba ɗaya, muka zuba 'yan layinmu. Mai shago ya ɗauki tsakiya da kambun kyaftin, tunda na'urarsa ce. Wani abokinmu, wanda yanzu tela ne a Fagge, ya zama gola. Ni aka tura ni baya. Ƙanina ya ɗauki gaba, ya zaɓi lamba sha huɗu.

Ni na ƙera masa fuska, na kuma ba shi kunnuwa kamar faifan tuwo, don dama da su muke tsokanarsa a gida. Shi kuma ya rama, ya yi mini sanƙo da tumbi, abin da Allah ya cika masa daga baya ba tare da ya rage komai ba. Da aka zo wajen shekaru, dukkanmu muka yi irin ta 'yan ƙwallon ƙasar nan, kowa ya zaftare nasa ya koma sha biyar, har da mai gemu. Ƙanina kaɗai ya ce shi ba zai yi wa talabijin ƙarya ba, ya rubuta sha bakwai, shekarunsa na gaskiya. Haka ƙaramin cikinmu ya zama babbanmu a cikin na'ura.

Muka ƙara dokoki biyu. Ba a sayar da ɗan layi ko nawa aka taya. Sannan duk wanda ɗan wasansa ya samu fenariti ko bugun tazara, shi ake miƙa wa fad ya buga abinsa da hannunsa, ko da kuwa yana waje yana cin awara sai an kira shi. Duk wannan duniyar tana cikin memori ɗaya, ɗan baƙin abu da bai kai kwalin ashana kauri ba, wanda mai shago yake ajiyewa a gwangwanin madara. Memorin ba ya aiki sai da faifan shekarar da muka fara, don haka duniya ta yi ta sauya faifai, mu muna nan a kan namu.

Lokaci a cikin na'ura ya fi namu sauri. Kafin ƙanina ya samu teburinsa a Kasuwar Singa ya fara zancen aure, lamba sha huɗu ya riga ya tsufa, gudunsa ya ragu, sai dai wayo. A lokacin mun koma haɗuwa ranar Lahadi kawai, bayan mai shago ya dawo daga coci, mu kuma mun yi la'asar. Wata Lahadi, saura wasa ɗaya kaka ta ƙare, wasan da in muka ci kofi namu ne, sai rubutu ya fito a allo cewa lamba sha huɗu zai yi ritaya a ƙarshen kakar nan. Shagon ya kaure da dariya. Ƙanina ya fi kowa dariya, ya ce ga sakamakon faɗin gaskiya a ƙasar nan. Sai ya miƙe, ya ce kansa yana sara masa tun safe, zai je gida ya kwanta. A bakin ƙofa ya juyo.

"Kada wanda ya taɓa mini wasan nan. Ni zan yi wa kaina bankwana, Lahadi mai zuwa."

Lahadi mai zuwa yana gadon asibiti da zazzaɓin da muka ɗauka na kwana biyu ne. Wadda ta biyo bayanta muna zaman makoki. Mai shago ya rufe shagonsa, ya zo ya zauna a tabarmar ƙofar gidanmu tare da mu har aka tashi, in an ɗaga hannu ana addu'a ya sunkuyar da kai.

Ba wanda ya kira taro, ba wanda ya ce ga yadda za a yi. Da muka koma shagon bayan wasu watanni, aka sa memori, kulob ya fito, wasan ƙarshe yana nan a jadawali yana jira. Mai shago ya tsallake shi ya zaɓi wasan sada zumunci, wanda ba ya motsa kalandar na'ura. Haka muka yi ranar, haka muka yi Lahadin da ta biyo, haka muka yi shekara da shekaru. 'Yan layi suka watse, wani Abuja, wani aure ya riƙe shi, wani ya ce ya girma da wasan yara. Muka rage mu uku, ni da mai shago da tela, a kusurwar da yaran yanzu suke kira majalisar dattawa. Ni nake riƙe lamba sha huɗu. Yana gudu da ƙyar, kafin a je hutun rabin lokaci ya gaji, amma yana gudu, kuma in ya juya baya ina ganin kunnuwan nan. Sau ɗaya na taɓa gaya wa Inna abin da nake zuwa yi Sabon Gari. Ta dube ni ta ce shi addu'a yake buƙata. Na ce ina yi masa, kuma ina yi ɗin, amma Lahadi ta zo na tafi.

To, wannan ne wasan da aka ce in zo in buga. In na buga, kaka ta ƙare, lamba sha huɗu ya fita daga fili har abada. In ban buga ba, na'ura ta mutu da shi a ciki, wasansa a rataye.

A makon nan ban yi ciniki da hankalina ba. Na bar yaran rumfa da kaya na shiga layin masu gyaran lantarki ina neman idon na'ura, ɗan gilashin da yake karanta faifai. Kowa na tambaya sai ya yi murmushi ya ce Alhaji, ai an daina kawo wannan tun tuni. Wanda ya fi tausayina ya fito mini da tsofaffin na'urori irinta daga ƙarƙashin tebur, duk idanunsu sun mutu ko suna hanya. Wani mai kwamfuta a Titin Ibrahim Taiwo ya ce zai iya kwashe abin da ke cikin memorin ya zuba a kwamfuta, sai dai sai ya soka shi a wata 'yar na'ura tasa. Na tambaye shi ko ta taɓa cinye memorin wani. Ya sosa ƙeya ya ce sau ɗaya ne kawai. Na yi masa sallama.

Ranar Alhamis da yamma na biya shagon. An riga an kawo sabuwar na'ura ɗaya ana gwadawa a kan wata shimfiɗeɗiyar talabijin, tela ma yana wurin ya saki baki. Ba zan ce ba ta da kyau ba, ƙarya ba ta da amfani. Ciyawa kamar ka sa hannu ka tsinka, gumi yana gangarowa a goshin ɗan wasa, 'yan kallo kowa da fuskarsa. Amma kafin ta yarda a buga sai da ta sha data ta ƙoshi, wai tana sabunta kanta, mu muna zaune kamar masu jiran likita. Abokin karawarka yana wata ƙasa, in ka ci shi ba ka ganin yadda ya ɓata rai, to ina daɗin cin? 'Yan wasa kuma a ƙunshe ake sayar maka da su, ka buɗe ka ga abin da rabonka ya tsaga, abin da a gidanmu caca ake ce masa. Na zagaya bayan na'urar da gabanta ina dubawa, babu ko ramin da memorinmu zai shiga.

Nan raina ya ɓaci, na fara faɗa kamar masu ƙera ta suna zaune a bencin. Na ce ni ɗan Kwari ne, na san abin da ake kira sabon yayi. Masu buga atamfa ma duk shekara sai sun fito da sabo, amma ba su taɓa ƙona tsohon zane ba. Mace za ta zo ta ce tana son irin wadda mahaifiyarta take ɗaurawa, ka duba ka samo mata, an sake bugawa da sabon launi, zanen yana nan. Na ce su ƙara kyan ciyawa yadda suke so, su ƙara gumi, ba wanda ya hana su. Abin da ban gane ba shi ne a ce duk wanda zai shiga sabon gida sai ya bar kayansa a bakin ƙofa. Mutum ya yi shekaru yana tara abu a cikin wasanku, ya san kowane ɗan wasa kamar ɗan ɗakinsu, sannan ku fito da sabo ku ce ya fara daga farko, kamar bai taɓa zama kwastomanku ba. Ƙofa ɗaya ƙarama da tsohon memori zai shiga, ita ce ta gagare su?

Mai shago bai yi musu da ni ba. Ya ce duk abin da na faɗa haka ne, amma yaran yanzu ba sa zama gaban tsohuwar talabijin, in sun leƙo suka ga 'yan wasa da fuska kamar bulo sai su wuce shagon gaba. In kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza, shi ma yana da 'ya'ya a makaranta. Ni ma na san shekarun da ya yi yana hana wannan kusurwar kawo masa ko sisi saboda mu.

Tela ne ya tsaya mini a wuya. Ya ce shi ba ya ɗinka wa mutum sabuwar riga da awon da ya yi masa yana saurayi, jiki yana canzawa. In masu gem suka ce sai sun goya duk tsohon kaya a bayansu, ba za su taɓa yin gudu ba, kuma da haka aka yi tun farko, da har yanzu muna buga ƙwallo mai kusurwa huɗu. Ya ce sabo turken wawa. Na ce wa yake kira wawa? Ya kalli mai shago, sannan ya kalle ni.

"Malam, ba da na'ura kake faɗa ba. Ka sani, mun sani."

Na ɗauki hulata na fita ban yi sallama ba. Har na kai Fagge a ƙafa ban san na wuce masu adaidaita ba.

Lahadi bayan la'asar na je. Na yi ta gaya wa kaina a hanya cewa zuwa kawai zan yi in ɗauko memorin. Na tarar an kwashe rabin shagon, bango duk shatar inda talabijin suka daɗe. Kusurwarmu kaɗai aka bari, benci ɗaya da tsohuwar talabijin mai ƙeya. Mai shago ya sallami yara ya janyo ƙofa rabi. Tela yana zaune, muka gaisa kamar ba abin da ya faru. Babu wuta, kamar kullum, ƙaramin janareta yana ta ƙara a waje.

Aka sa faifai, na'ura ta yi ƙas, ƙas, ta ce ba ta ga komai ba. Mai shago ya ciro shi ya hura masa iska ya goge da gefen rigarsa, daga tsakiya zuwa baki, ya mayar. Ta ƙi. Ya kifa na'urar, dabarar da ta yi mana aiki shekaru, ta ƙi. Ya jingina ta da bango a tsaye. Tela ya fita ya sayo ruwan leda mai sanyi ya ɗora mata a ka kamar mai zazzaɓi. Muka yi ta yi, a kashe a kunna, a kasa kunne. Rana ta fara sauka, inuwar ƙofa ta iso ƙafafunmu. Abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda na ji wani sanyi a raina duk lokacin da ta ƙi, alhali a lokaci guda ina so ta tashi. Ban san wanne nake roƙo ba.

Can sai ƙarar ta canza, ta zama wani siririn zuuu da duk mun san shi. Allo ya yi baƙi, sannan kiɗan gem ɗin ya taso. Ba wanda ya yi motsi, kada benci ya girgiza ta.

Mai shago ya shiga kulob, ya kai kan wasan ƙarshe, ya miƙo mini fad. Na danna.

Tun a jerin 'yan wasa aka nuna lamba sha huɗu ba ya cikin ƙoshin ƙarfi ranar. Tela ya ce a ajiye shi a benci a sako shi daga baya. Na ce da shi za a fara. Aka fito fili, kyamara ta bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ga ni da sanƙona, ga tela da safar hannu, ga yaran layin da wasu ban san inda suke ba yanzu, ga kunnuwa.

Ba a daɗe da farawa ba suka zura mana ɗaya. Laifina ne, na bar ɗan gabansu ya wuce ni kamar an buɗe masa ƙofa. Kafin hutun rabin lokaci muka samu bugun tazara na kyaftin, na miƙa wa mai shago fad bisa doka, ya lanƙwasa ta ta shige kusurwa. Bai yi ihu ba, ya dai miƙo mini abina. Kunnen doki ba zai ba mu kofi ba, sai mun ci.

Da aka dawo, layin da ke nuna ƙarfin lamba sha huɗu ya kusa ƙarewa. Na samu wata ƙwallo mai kyau na zura masa ita tsakanin 'yan baya, fili fetal a gabansa. Na danna gudu har yatsana ya yi zafi. Yana ta ƙoƙari, kai a sunkuye, wani yaro ɗan bayansu ya taho daga nesa ya karɓe ƙwallon ba tare da ya ko taɓa shi ba. A daidai nan hoton ya fara tsinkewa, muryar mai sharhi ta maƙale a kan kalma ɗaya tana maimaitawa, sannan ta saki. Mai shago ya taɓa na'urar ya janye hannu, ya ce ta yi zafi.

Tela ya matso ya yi magana a hankali. Ya ce in canza shi, akwai yaro mai gudu a benci. Ya ce in tuna halin mai lambar, mutumin da in aka ci shi ko tuwon dare ba ya ci, da shi ne da fad ɗin nan da tuni ya fitar da kansa don a ɗauki kofi. Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Na tsayar da wasa, na shiga wajen canji, na kai kan sunansa. Mai shago ya ce kada in daɗe a nan, in ta tsaya ba lallai ta tashi ba. Na kalli sunan, na kalli yaron da ke benci. Na fita ban canza kowa ba.

Saura kaɗan a tashi, aka yi cunkuso a gaban ragarsu, wani ya kwashe ƙafar lamba sha huɗu, alƙalin wasa ya nuna fenariti. Ban san lokacin da na miƙa fad gefen damana ba, inda ƙanina yake zama. Hannuna ya tsaya a iska. Doka ta ce mai ɗan wasa shi yake buga abinsa, kuma a duk wasannin sada zumuncin da muka yi, in irin wannan ta taso, kyaftin muke ba wa ba tare da an yi magana ba. Yau kuwa lamba sha huɗu ne tsaye a kan ƙwallon, hannu a ƙugu. Mai shago ya kama hannuna ya mayar mini da shi kan cinyata.

"Buga masa," ya ce.

Kowa a layinmu ya san inda ƙanina yake buga fenariti, ƙasa ta hagu, bai taɓa canzawa ba, yana cewa in gola ya isa ya kama. Nan na buga. Gola ya faɗi can ya kama ta da hannu biyu.

Aka busa tashi, ɗaya da ɗaya. Wani kulob ya ɗaga kofi muna kallo. Sai allo ya yi shuɗi, layi ɗaya na rubutu ya fito, lamba sha huɗu ya yi ritaya. Shi ke nan. Ba tafi, ba zagayen fili, ko hotonsa ba su nuna ba. Mutumin da ya ci musu ƙwallaye tun kulob yana ƙasa. Na ji kamar in ɗaga talabijin ɗin in maka da ƙasa.

Bayan nan tambaya ta fito: a adana, ko kada a adana? In na ce a'a, komai zai koma yadda yake da safe, wasan ƙarshe yana jira, shi yana nan da tsufansa, in har na'urar ta sake yarda ta tashi. Tela, wanda ya yi ta gaya mini in saki, shi ne ya ce in danna a'a mu sake bugawa, ko kofin ma a samu a yi masa bankwana ta mutunci. A waje janareta ya yi tari, ya ci gaba, man da aka zuba duk ya tafi wajen lallashin faifai.

Na tuna ranar da muka kai ƙanina makwancinsa. Ba a ce mana mu koma mu sake ba don ba mu shirya ba. Na danna eh.

Rubutu ya fito cewa kada a kashe na'ura, kada a cire memori. Duk wanda ya taɓa zama a shagon gem ya san abin da ake nufi: in wuta ta ɗauke a wannan gaɓar, ba sabon ba, ba tsohon ba, komai ya lalace. Wani siririn layi a allo ya fara cika a hankali. Janareta ya sake tari, ƙwan fitilar shagon ya yi ja, hoton talabijin ya tsuke. Mai shago ya yi tsalle ya fita ko takalmi babu, ya kama janaretan ya karkata shi gefe don ragowar man ya gangara. Ina jin ƙarar tana faɗuwa tana tashi. Tela yana ta salati a ƙasan maƙoshi. Ni idona yana kan layin har ya cika, aka rubuta an adana.

Mai shago ya sa dutse ya tokare janaretan ya shigo yana warin fetur. Allo ya riga ya buɗe sabuwar kaka, abin da rabonmu da gani tun ƙanina yana raye. Ya karɓi fad daga hannuna, don ni na kasa komai, kuma saboda sabo ya yi abin da kyaftin yake yi a farkon kowace kaka, ya buɗe jerin yara masu tasowa da kulob zai iya ɗauka. Yana gangarawa, sai ya tsaya.

Kunnuwan na fara gani. Sunan yana nan yadda muka rubuta shi, da ƙafar dama, da tsawon. A gaban shekaru an sa sha bakwai.

Mun san na'urar tana yin haka da manyan taurarin da suka yi ritaya, takan dawo da su yara bayan an kwana biyu, mun sha dariyar abin. Bai taɓa zuwa ran ɗayanmu ba cewa za ta yi wa wanda muka ƙera da hannunmu, don a cikinmu ba wanda ya taɓa kaiwa nan sai shi. Na yi istigfari, don na san inda ƙanina yake kwance, na san wannan lissafin na'ura ne kawai. Sanin bai hana ni kuka ba, irin wanda ban yi ba ko a ranar. Tela ya tashi ya fita waje ya tsaya yana kallon titi.

"Mu ɗauke shi?" mai shago ya tambaya.

"Ɗauke shi. Ka ba shi lambarsa."

Ya ɗauke shi, ya ba shi sha huɗu, ya sake adanawa da sauri. Layin yana cika janareta ya mutu.

Ranar Litinin masu gyara suka shiga. Mai shago ya aiko mini da na'urar da faifan da gwangwanin madara har rumfa. Na kai ta gida, na kifa ta, na jingina ta, na ɗora mata ruwan sanyi, ba ta sake karanta komai ba daga ranar. Ina zuwa shagon wata Lahadin, har na koyi riƙe sabon fad, kuma har yanzu ina kan bakana cewa masu ƙera abin nan sun yi rowar ƙofa ɗaya. Amma in na tuna shekarun da na tsare yaron nan a tsufa, yana haki a fili kowace Lahadi don ni na kasa danna wasa ɗaya, faɗan nawa yakan yi sanyi.

Memorin yana cikin gwangwaninsa a rumfata, a bayan atamfofin da ba na sayarwa. Yana ciki, shekararsa sha bakwai, bai buga ko wasa ɗaya ba tukuna.